Takalman Malam Ilu a Ƙofar Matuƙin Jirgi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Jiragen Sama na Shamuwa, uban matuƙa, mai riƙe da ragamar sararin samaniya tun daga Kano har duk inda Allah ya nufi jirgi ya sauka.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jiragenka, waɗanda suka isa inda aka aike su da waɗanda suka zarce wani garin. Ina yin wannan gaisuwa ne daga nesa, a zaune, takalmana a ƙafa, hannuwana duka biyu a kan tebur inda kowa zai gan su, domin na ga abin da gaisuwa ta jawo wa wanda ya matso kusa.

Sunana Nana Hauwa, tsohuwar malamar firamare, ina zaune a Zaitawa cikin birnin Kano. Ni ce matar mutumin nan da kamfaninka ya sanar wa duniya cewa ya yi yunƙurin fashin jirgin sama. Shekara arba'in da aurenmu ban taɓa kama sunansa ba, Malam nake ce masa, amma tunda kun riga kun watsa shi a rediyo, bari yau in rubuta shi da hannuna: Malam Iliyasu, wanda aka fi sani da Ilu baduku, mai rumfar takalma a Ƙofar Wambai. Ya haura saba'in, gwiwarsa ta hagu ba ta yarda da matakala, kuma bai taɓa yi wa kowa fashin ko da layin famfo ba. Ranar Litinin za a gurfanar da shi a kotu bisa ƙorafin da kamfaninka ya shigar. Lauya Hashim, ɗan maƙwabcinmu da ya tsaya mana, ya ce laifin da ake zarginsa da shi na iya kai mutum ga ɗaurin rai da rai. A shekarun Malam wannan ba dogon ɗauri ba ne, na sani, amma ba na so ya cika a can.

Da yake manya ba su cika samun lokacin jin abin da ya faru a cikin jiragensu ba, bari in ba ka labarin, don ina ciki.

Ɗanmu Nazeer da ke aiki a Legas aka yi wa haihuwa, namiji. Ya ce sunan mahaifinsa zai sa wa yaron, ya kuma rantse ba za mu sha wahalar mota ba, ya yanko mana tikitin jirginka. Daga ni har Malam ba wanda ya taɓa hawa. Malam ya zauna ya ɗinka wa kansa sabbin takalma na jar fata saboda ranar, ya zuba babbar riga, ya cika aljihu da farin goro a naɗe cikin algarara. Muka tashi da hantsi, ana gobe suna. Da jirgi ya shiga gajimare sai ya dinga girgiza da mu kamar ana tankaɗen gari, har wata baiwar Allah a bayanmu ta fara yafe wa mutanen da ba sa wurin. Can abin ya lafa, aka kashe fitilar ɗaura ɗamara. Malam ya kwance tasa, ya ce bari ya je ya yi wa direba sannu da ƙoƙari. Na riƙe masa gefen riga. To, amma wanda bai ji maganata a ƙasa ba, ai ba a sama zai fara ba.

Ya taka har ƙofar ɗakin matuƙa, ya yi abin da duk ɗan cikin gari mai tarbiyya zai yi a ƙofar babban mutum. Ya cire takalma ya ajiye gefe. Ya durƙusa, duk da gwiwar. Ya ɗaga murya ya yi sallama saboda ƙarar inji, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama ya yi jinjina, sannan ya sauke hannun ya zura a aljihu zai ciro goro. Bai kai ga cirowa ba. Ma'aikaciyar jirgi ta kurma ihu, wasu ƙarti suka yi kansa, wani mai kwat da tumbi ya zauna masa a gadon baya, aka ɗaure masa hannuwa ta baya da igiyar roba. Goro ya tarwatse yana gangarawa ƙarƙashin kujeru, mutane suna ɗage ƙafa suna salati. Na yi ta faɗa musu gaisuwa ce, da Hausa da Turancin da na koyar shekara talatin, ba wanda ya ko dube ni. Bayan ɗan lokaci matuƙi ya yi magana ta lasifika da murya mai daɗi, ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, an shawo kan komai, yanzu za mu sauka Legas, ya ma faɗa mana yanayin garin. Muka sauka lafiya, Alhamdu lillahi. Da aka buɗe ƙofa sai ga mu a Fatakwal.

Ga 'yan koke-kokena, ranka ya daɗe, in ka yi haƙuri da tsohuwa.

Na ɗaya, ina neman ƙarin haske a kan sanarwoyinka guda biyu, domin sun kasa gane juna. A ta farko, wadda ta fita a yammacin ranar, kamfaninka ya ba fasinjoji haƙuri, ya ce matuƙan sun ɗauki tsarin tafiyar wani jirgin daban suka bi, kuma wannan kuskure ne irin na ɗan Adam. Na ji daɗin wannan magana, har na ce ashe akwai sauran masu gaskiya. Washegari, da hukuma ta fara tambayar yadda aka yi matuƙa biyu suka ɓatar da gari guda, sai ta biyu ta fito, ta ce an karkata akalar jirgin ne da gangan saboda wani fasinja ya yi yunƙurin ƙwace shi, ta kuma yaba wa jarumtar matuƙan. Wace ce za mu ɗauka? In ta farko ce gaskiya, me Malam yake yi a tsare? In ta biyu ce, wane ne ya rubuta ta farkon, kuma shi ma an ɗaure shi? A aji, in yaro ya kawo mini amsa biyu a tambaya ɗaya, na san ɗaya tasa ce, ɗayar leƙowa ya yi daga baya.

Na biyu, in da gangan aka kai mu Fatakwal, me ya sa jami'an tsaron da ofishinka ya kira suka je Legas? Nazeer yana can filin jirgi yana jiranmu, ya ga motoci sun shigo da jiniya, mutane da bindigogi da karnuka sun yi sahu, ana cewa jirgin Kano ne ya taho da ɗan fashi. Ya tsaya yana addu'ar Allah ya tsare masa iyaye daga sharrin wannan mugu, bai san ubansa ake nufi ba. Suka yi ta kallon sama har rana ta yi musu yawa. Mu kuwa a Fatakwal ba wanda ya san da zuwanmu a ofishinku, sai da aka nemo mai matakala daga wurin cin abinci. Shamuwar da kuka ari sunanta, duk shekara tana dawowa kan bishiyar da ta bari, ba na'ura, ba mataimaki. Ko za ku duba yiwuwar mayar mata da sunanta?

Na uku, kada ka ɗauka ina faɗa da doka. Lauya Hashim ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma na gamsu. Akwai azzalumai a duniya da suka taɓa ƙwace jirage suka hallaka bayin Allah, akwai wanda ya taɓa ɓoye abin fashewa a takalmi, shi ya sa ake kulle ƙofar matuƙa, shi ya sa hukuncin ya yi tsanani. Madalla. A kulle ta, a ƙara kwaɗo. Yarinyar nan ma'aikaciya da ta yi ihu ban riƙe ta a rai ba, abin da aka koya mata ta yi, kuma yarinya ce, sa'ar autata ce. Tambayata gare ka ce. Kafin mu tashi an tsaya a gabanmu an koya mana yadda ake sa rigar ruwa da yadda ake hura usur in mun faɗa teku, mu da ko rafin Jakara ba ma tsallakawa sai ta gada. An nuna mana ƙofofi na gaba da na baya da na tsakiya. Amma ƙofa ɗaya tilo da za ta iya kai mutum gidan yari, ba wanda ya ce da mu kada a je kusa da ita, ko da Turanci balle da Hausa. Kullum jirginka sai ya tashi daga Kano cike da dattawa irin Malam. A duk ma'aikatanka ba a samu wanda aka gaya wa cewa a garin nan in tsoho ya cire takalmi ya durƙusa ya ɗaga dunƙulallen hannu, girmama ka yake yi ba? Kuɗin tikitinmu kun gane shi sarai, bai taɓa ba ku tsoro ba. Gaisuwarmu ce kawai ba ku iya karantawa.

Na huɗu, maganar makamai. An nuna wa lauya abubuwan da aka kama a hannun ɗan fashi: goro, guntun algarara, carbi, da takalma ƙafa biyu. Goron an ce an aika da shi bincike. Ina roƙon a gaya wa masu binciken su riƙa yayyafa masa ruwa, in ba haka ba zai bushe kafin su gano mene ne. Takalman kuwa, ƙwararru sun farke ƙasansu da wuƙa, sun ɓare fatar sala-sala suna neman waya. Ba su samu komai ba sai ɗinki, don Malam ba ya aikin gam. Mako guda ya yi yana ɗinka su da idon da ba ya gani sosai, yana cewa da su zai tsaya a wurin raɗin sunan takwaransa. Ko kwalta ba su taka ba, daga adaidaita sai filin jirgi. Wannan ya yi mini ciwo, ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba.

Na biyar, ina so a koya mini yadda ake rabon kuskure a kamfaninka, don na ga kamar iri biyu kuke da shi. Mutum biyu masu digiri, masu igiyoyin zinare a kafaɗa, da na'urori a gabansu sun fi na asibiti yawa, sun ɗauki mutum sama da ɗari sun kai su garin da ba nan za su ba. Wannan sunansa kuskuren ɗan Adam, maganinsa hutu da ƙarin horo a otal mai sanyi. Tsoho ɗaya da bai taɓa shiga jirgi ba ya gai da ƙofar da ba a gaisarwa. Wannan sunansa fashi, maganinsa ankwa. Shi Malam ba ɗan Adam ba ne? Ko kuskure ma sai mai albashi?

Kuma ban ce a ɗaure matuƙan ba. Na gan su da suka fito, idanunsu jawur, babban cikinsu yana hamma har ana ganin dasashinsa. Wani ma'aikacinku a Fatakwal, da ya ga ina kuka, ya ce mini in yi haƙuri, tun asuba mutanen nan suke sama suna kai da kawowa, jirginmu ba shi ne na farko ba kuma ba shi ne na ƙarshe ba. Lauya ya ce akwai ƙa'idar awannin da matuƙi zai yi yana aiki kafin a tilasta masa hutawa. Wane ne yake tsara musu aikin? Ba Malam ba ne dai, shi rumfarsa ma da la'asar yake rufewa. Ko a tashar mota, in direba ya fara gyangyaɗi, na gidan gaba yakan miƙa masa goro ya ja shi da hira. A duk cikin jirgin nan mutum ɗaya ne ya yi tunanin kai wa matuƙanka goro, shi ne kuka zauna masa a baya.

Na shida, ina taya kamfaninka murnar abin da ya yi wa unguwarmu. Da, in ana neman wanda zai shiga tsakanin maƙwabta, ko wanda zai karɓi auren maraya, ƙofarmu ake bugawa. Yanzu a teburin Gwadabe mai shayi an kasu biyu, wasu na cewa sharri ne, wasu na cewa ai dama shiru-shirun nan nasa da walakin. Jummai mai ƙosai, wadda Malam ya gyara wa takalman 'ya'yanta shekara da shekaru, ta zo yi mini jaje, ta rage murya ta tambaye ni wai da ya ƙwace jirgin ina za mu ajiye shi. Na ce mata a zaure, bayan buhun fata. Ta gyaɗa kai, ta tafi ta faɗa.

Suna kuwa an yi shi ba mu. Ana gobe suna da dare dangin matar Nazeer suka kira shi gefe, cikin ladabi, suka ce ko zai sake tunani, kada yaro ya tashi da sunan da za a riƙa karantawa a labarai, wata rana ya je neman biza ko aiki a ce ai jikan wane ne. Ban ga laifinsu ba, 'yarsu da jikansu suke ji. Nazeer ya ce sunan ubansa zai sa ko da a kotu za a raɗa shi. Aka raɗa. Ni da ya kamata in goya angon nawa in yi masa tsiya, a waya na gan shi, ina zaune a bencin ofishin 'yan sanda a garin da ban san kowa ba. Yanzu ke nan Iliyasu biyu kuka shafa wa baƙin fenti, ɗaya ya haura saba'in, ɗaya ko arba'in bai yi ba.

An dawo da Malam Kano a mota, tunda a nan ya hau jirgin. Ina farin cikin shaida maka cewa direban motar ya san hanya, kuma da Malam ya yi masa sannu ya amsa.

Jiya na kai masa tuwo inda yake tsare. Ya rame, gwiwar ta kumbura tun daga zaman da mai kwat ya yi masa, yana tafiya da silifas ɗin wani, ƙafa ɗaya shuɗi ɗaya kore. Na zaci zai tambaye ni lauya ko beli. Bai tambaya ba. Ya tambayi yaron, ya tambayi wa yake buɗe rumfa, sannan ya ce abu ɗaya ne yake damunsa: sallama ɗaya ya samu ya yi, kuma bai sani ba ko direban ya ji ya ƙi amsawa ne, ko bai ji ba. Na ce masa ƙofar ƙarfe ce, bai ji ba. Sai na ga fuskarsa ta saki. Da na gaya masa ina rubuto maka wannan takarda, ya ce in sa maganarsa yadda ya faɗe ta, ga ta kuwa: "Ki ce a gai da direban. Kada a kore shi aiki a kaina, yana da iyali. Ɓatan hanya kowa yana yi."

Na rubuta don ya ce in rubuta, ba don raina ya so ba. Ni ba ni da haƙurin Malam, shi ya sa Allah ya haɗa mu.

Buƙatata ba ta da yawa, ranka ya daɗe. Ba na neman diyya, ba na neman tikitin kyauta, wannan kam ko da kuɗi aka haɗa mini na yafe. Lauya ya ce in kamfaninka ya janye ƙorafinsa, ya tsaya a kan sanarwarsa ta farko, shari'ar ba ta da ƙafar tsayawa. Sanarwar taku ce, ku kuka rubuta ta da hankalinku kafin tsoro ya zo. Ka sa a ɗauko ta a karanta a gidan rediyon da aka karanta ɗayar, a ambaci sunansa kamar yadda aka ambata a wancan karon. Ku ɗauki kuskurenku ku riƙe, ku bar masa nasa, ya ishe shi.

In kuwa hakan ya fi ƙarfin kamfani, to ina ba ka shawara ka turo jami'an tsaro da yawa ranar Litinin, ka kuma tabbatar wannan karon an gaya musu garin daidai: Kano. Domin na yi wa Malam magiya, lauya ya yi masa, Nazeer ya yi masa ta waya, cewa in an shigar da shi gaban alƙali ya tsaya ƙiƙam, hannuwa a gefe, kada ya motsa. Ya saurare mu har muka gama, ya ce shi bai iya shiga gaban babba haka ba, kuma ba a tsufansa zai koya ba. Zai ajiye silifas ɗin aron nan a bakin ƙofa. Zai durƙusa a kan kumburarriyar gwiwar, ya yi sallama, ya ɗaga hannu ya yi jinjina, a gaban alƙali da lauyoyinka da 'yan jarida. Duk abin da ya yi a jirginka zai maimaita shi, ba ragi. Goron ne kawai ba zai ciro ba, don yana hannunku.

Ina nan a bencin baya, zan ga wanda zai zauna masa a gadon baya.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa kamfani jirage, ya nuna wa kowannensu hanya.

Taka mai biyayya, wadda ta gaishe ka ba tare da ta motsa ba,

Nana Hauwa,
matar Malam Ilu baduku,
Zaitawa, cikin birnin Kano.